Kafin ka sayi akwatin gilasan leƙawa da filtoci

Tambaya: Na sayi madubin hangen taurari irin na Dobson, faɗin madubinsa milimita 150, tsawon fokas ɗinsa milimita 1200. Ya zo da gilasan leƙawa biyu, mai lamba 25 da mai lamba 10. Na ga ramukan wata, na ga duniyar Zuhal da zobenta, amma 'yar mitsitsiya. Yanzu na ci karo da wani akwati da ake sayarwa, a cikinsa akwai gilasan leƙawa biyar, da gilashin Barlow, da filtoci masu launi-launi. In saya? Ina sa tabarau, kuma fitilu sun yi yawa inda nake kallo da dare.

Amsa: Ɗan'uwa, barka da shigowa, amma dakata da sayen akwatin nan. Na'urar da ke hannunka ba ta wasa ba ce, akwai masu shekara goma da irinta da har yau ba su ƙure abin da take iya nunawa ba. Abin da nake ji maka shi ne ka zuba kuɗi a kaya fiye da goma, a ƙarshe biyu kaɗai za su riƙa fitowa daga akwatin, sauran su zauna suna shan ƙura. In ka gane 'yan lissafin da zan kawo maka, kai da kanka za ka iya duban kowane gilashi ka san ko na'urarka na bukatarsa.

Gilashin leƙawan nan, wanda masu sayarwa ke kira ayifis, zan riƙa ce masa maleƙi don sauƙi. Lambar da ke jikinsa tsawon fokas ɗinsa ce a milimita, wato nisan da ke tsakanin gilashi da inda yake tattara haske wuri ɗaya. Ka raba tsawon fokas na na'urarka da wannan lamba, abin da ya fito shi ne ninkin da zai yi wa abin da kake kallo. 1200 a raba da 25, sau 48 ke nan. 1200 a raba da 10, sau 120. Ƙaramar lamba ita ke ba da babban ninki. Kuma maleƙi ba shi da wani ninki na kansa: mai lamba 10 ɗin nan naka, in aka sa shi a na'ura mai fokas 650, sau 65 kawai zai bayar. Shi ya sa shawarar da aka ba wani ba lallai ta dace da kai ba.

Kusan duk sabon shiga ninki yake bi, kuma nan ake yin asarar farko. Faɗin madubi shi ke yanke yawan hasken da na'ura za ta tara, shi ke kuma yanke ƙanƙantar abin da za ta iya rarrabewa. Maleƙi ba ya ƙara ko ɗigo a kan hoton da madubi ya kawo, buɗa shi kawai yake yi. Ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita ita ce ka ninka faɗin madubi a milimita sau biyu, wannan ita ce iyakarka. A wajenka sau 300. Wannan ma sai a daren da iskar sama ta kwanta lakadan. A yawancin darare, iska mai ɗumi da mai sanyi suna ta cakuɗa a samanka, sai hoto ya riƙa rawa kamar abin da ake hange ta saman wuta, kuma da ka haura sau 150 ko 200 rawar kake ƙara wa girma.

A shekarata ta farko na sayi maleƙi mai lamba 4, na haɗa shi da Barlow, gilashin da ke ƙara ninki, na saita kan Mushtari, wato Jufita. Abin da na gani ƙatuwar ƙwallo ce dishi-dishi, tana malelekuwa kamar tana ƙarƙashin ruwa, na murɗa fokas gaba, na murɗa baya, ba inda ta tsaya. Wani dattijo da muke kallo tare ya zare shi, ya sa mini nasa mai lamba 8. Duniyar ta koma ƙarama, amma ga ɗamarunta biyu masu duhu sun fito rangaɗau, ga wani baƙin ɗigo kamar an ɗiga tawada a gefenta: inuwar ɗaya daga cikin watanninta ce ta faɗo mata. Na fi rabin awa ban ɗaga ido ba. Ka tuna Galileo da ninkin da bai wuce kamar sau 20 ba ya gano manyan watannin nan huɗu a 1610. Zuhal kuwa, ko a babbar na'ura ba ta cika ido, sai dai ta yi kyau. Abin nema a jikinta shi ne tsagar nan baƙa da ta raba zoben biyu, wadda Cassini ya gano a 1675, kuma na'urarka za ta nuna ta a sau 150 in iska ta natsu kuma zoben ya karkato sosai ta wajenmu.

Akwai lissafi na biyu da mutane ba su cika kula da shi ba, alhali ni na fi dogara da shi. Da rana, ka nufi sararin sama da na'urar, can nesa da inda rana take, ka ja baya kaɗan ka dubi gilashin maleƙin. Za ka ga ɗan da'irar haske tana shawagi a kansa. Wannan shi ne kaurin hasken da ke fitowa ya shiga idonka. Ana samunsa in aka raba lambar maleƙi da lambar f ta na'ura. Taka f/8 ce, domin 1200 a raba da 150 takwas ne. Don haka mai lamba 25 yana fitar da haske mai kaurin milimita 3 da ɗan ɗori, mai lamba 10 kuwa milimita 1.25. Ƙofar idon mutum, ɗan baƙin ramin nan na tsakiya, tana buɗewa har kusan milimita 7 a cikin duhu ga matashi, tana raguwa zuwa wajen 5 in shekaru sun ja. In hasken ya fi ƙofar idonka kauri, rarar a banza take zuba, kuma a na'ura mai madubi irin taka kana iya fara ganin inuwar ƙaramin madubin da ke cikin bututun na'urar tana yawo a tsakiya. In kuma ya sirance ya sauka wajen rabin milimita, hoto zai yi duhu, 'yan zare-zaren da ke yawo cikin ruwan idonka su fara gittawa ta kan abin da kake kallo. Tsakanin nan akwai wuri mai daɗi: wajen milimita 2 shi ya fi dacewa da yawancin galaksi, wato manya-manyan tarin taurari masu nisan gaske, da gungun taurari, wajen milimita 1 kuma ya dace da wata da duniyoyi. A na'urarka, maleƙi mai lamba 15 ko 16 da mai lamba 8 ke nan. Ka ga mun fara gano abin da za a saya ba tare da mun buɗe akwatin kowa ba.

Maganar tabarau kuwa tana da muhimmanci ƙwarai. Kowane maleƙi yana da tazarar da ido zai tsaya kafin ya ga dukan fili. Irin maleƙan da ake cika akwatunan nan da su, yawanci samfurin Plössl ne, sunan wani maƙerin gilashi na birnin Biyana a ƙarni na 19. Tsari ne mai kyau, gilasai huɗu, hoto tsaf. Aibinsa ɗaya: tazarar idonsa kamar kashi bakwai cikin goma ce na lambarsa. Mai lamba 32 ko 25 shan iska ne, amma mai lamba 6 sai ka kusa manna ido a milimita 4, gashin ido na share gilashi. Mai tabarau yana bukatar wajen milimita 18 zuwa 20. To kafin ka kashe kuɗi a kan wannan, duba takardar da likitan ido ya rubuta maka. In matsalarka rashin ganin nesa ce ko na kusa kawai, cire tabarau ka murɗa fokas, na'urar za ta gyara maka. In kuwa akwai astigmatizim, wato an cike gurbin da aka rubuta CYL, fokas ba ya gyara shi, taurari za su riƙa fitowa da 'yan fukafukai, musamman a ƙaramin ninki inda haske ke da kauri. A babban ninki sau da yawa matsalar takan lafa, har a iya kallo ba tabarau. Gwada da tauraro mai haske, da tabarau da kuma babu, da maleƙanka biyu, ka ga wanne ya ba ka ɗigo mai tsini.

Sai faɗin taga. In ka leƙa, da'irar da kake gani tana iya zama kamar ka leƙa ta bututu, tana iya kuma zama kamar ka tsaya a bakin taga. Plössl yana ba da wajen digiri 50. Akwai masu 60, masu 68, akwai masu 82 irin wanda Al Nagler na kamfanin Tele Vue ya fito da shi a farkon shekarun 1980, har da masu 100. Ka raba wannan da ninki, ka sami ainihin faɗin saman da kake gani. Mai lamba 25 ɗinka yana nuna maka wajen digiri ɗaya, wato faɗin wata biyu, tunda wata rabin digiri ne. Ga mai Dobson wannan ba ado ba ne, saboda na'urarka ba ta bin taurari da kanta, kai ke tura ta da hannu. Juyawar duniya tana tafiyar da abin da kake kallo kamar digiri ɗaya a duk minti huɗu in yana wajen tsakiyar sama inda duniyoyi ke bi. A sau 200 da taga mai digiri 50, filinka rubu'in digiri ne, cikin minti ɗaya duniyar ta ratsa ta fice. Da taga mai digiri 82, za ka sami kusan minti ɗaya da daƙiƙa arba'in. Wannan ƙarin shi ke ba ido damar natsuwa ya jira ɗan lokacin da iska za ta tsaya cik, wanda a cikinsa ake ganin komai.

Wani abin farin ciki gare ka: f/8 ba ta da tsangwama. Maleƙai masu faɗin taga marasa tsada suna yin aiki mai kyau a cikinta. Masu na'ura f/5 ko ƙasa da haka su ne ke shan wahala, domin a can maleƙi mai araha yakan mai da taurarin gefe kamar 'yan tsuntsaye masu buɗe fukafukai.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Mai lamba 25 ka riƙe shi, yawanci shi ne mai kirki a cikin biyun da ake haɗowa da na'ura. Da shi za ka riƙa neman abu kafin ka ƙara ninki. Sayayyar farko ta zama mai lamba 8 ko 7, mai taga digiri 60 ko fiye, mai doguwar tazarar ido. Shi zai zama na wata da duniyoyi, kuma shi zai maye gurbin mai lamba 10 ɗin da ya zo da na'urar, wanda galibi matsattse ne. Bayan wata biyu ko uku, ka ƙara mai lamba 15 ko 16 mai taga 68. Ina kyautata zaton shi zai fi kowanne daɗewa a bakin na'urarka. Mai lamba 6 ko 5 ya jira sai ka lura cewa sau 150 yana yi maka kaɗan a darare masu yawa. In kana sha'awar fili mai faɗi, Plössl mai lamba 32 yana nuna kusan iyakar abin da maleƙi mai gindin inci 1.25 zai iya, wajen digiri 1.3 a na'urarka, ya isa ya ɗauki manyan taurarin Kaza da 'Ya'yanta. Mai lamba 40 na wannan gindi ba zai ƙara maka fili ba, tagar ce kawai za ta ƙuntata. Wuce nan sai maleƙi mai gindin inci 2, in mariƙin na'urarka na karɓarsa, kuma ka sani yana da nauyin da kan sa bakin Dobson ya riƙa sunkuyawa.

Barlow gilashi ne da ake sawa tsakanin na'ura da maleƙi, mai 2x yana ninka ninki sau biyu. Mai kyau ba ya ɓata hoto, kuma yana barin tazarar ido yadda take, abin da ke taimakon mai tabarau. Sai dai ka lissafa kada ya maimaita abin da kake da shi: in kana da 16 da 8, Barlow a kan 16 ya sake ba ka 8 ne kawai. Akwai kuma maleƙi mai zuƙowa, daga 24 zuwa 8 a jiki ɗaya. Ina ganin darajarsa ga mai koyo, domin yana murɗawa yana ganin daidai inda hoto ya fara lalacewa a wannan daren. Rauninsa shi ne tagarsa takan matse zuwa wajen digiri 40 a ɓangaren 24.

Yanzu filtoci, waɗanda ake ɗaurawa a gindin maleƙi.

Masu launin nan da suka cika akwatin, lambobinsu na tsarin Wratten ne da aka gada daga masu ɗaukar hoto. Shuɗi mai lamba 80A ana sa shi don ɗamarun Mushtari, mai ruwan lemo 21 da ja 23A don duhu-duhun da ke jikin duniyar Mas. Suna aiki, amma bambancin siriri ne, sai idon da ya riga ya san abin da yake nema. Sabon ido launin kawai yake gani. Ka bar su zuwa gaba, in ma ka taɓa bukatarsu.

Filtar wata tana rage haske ne kawai, wadda aka fi sani tana barin kashi 13 cikin ɗari ya wuce. Hasken wata a na'ura ba ya cutar da ido, amma yana kashe shi na ɗan lokaci, ka ɗago kana ganin duhu. In yana damunka, saya, ko ka nemi mai gilasai biyu da ake murɗawa a rage ko a ƙara. Ni dai ƙara ninki nake yi, hasken ya ragu da kansa. Kuma cikakken wata ba shi ne lokacin kallo ba. Ka nemi kwanakin da yake rabi, ka bi layin da ya raba haske da duhu, inda inuwar duwatsu ke miƙewa doguwa a cikin ramuka.

Filtar da ta cancanci kuɗinka ita ce ta nebula, wato girgijen gas na sararin samaniya. Gizagizan gas da ke sararin samaniya ba sa fitar da haske a kowane launi, a 'yan zanguna ƙalilan suke fitarwa: oksijin a nanomita 496 da 501, haidurojin a 486 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne). Filtar UHC tana buɗe wa waɗannan ƙofa ta toshe saura, sai sama ta yi baƙi ƙirin, nebula ta fito. Filtar OIII ta fi ta matsewa, layukan oksijin kaɗai take bari. Daren da na fara ganin aikinta ba zan manta ba. Na saita kan tauraron 52 na rukunin Signus, inda nebular Veil take, ragowar tauraron da ya fashe dubban shekaru da suka wuce. Ba filta, tauraro kawai nake gani da baƙin fili. Na ɗaura OIII, na rufe kaina da baƙin ƙyalle, sai ga wani zare kamar hayaƙi ya ratsa ta kan tauraron, siriri a gefe guda, ya bazu a ɗayan. Ga na'ura mai milimita 150, fara da UHC, ta fi yawan abokan aiki: nebular Oriyon M42, da M8, da M17, da M27. Ka yi amfani da ita a ƙaramin ninki, da mai lamba 25 ko 32, don tana son haske mai kauri. Kuma nan kam araha ba ta ado, domin marasa inganci ƙofarsu takan yi faɗi da yawa ko ta kauce wa layin. Filtar H-beta, mai barin layin haidurojin kaɗai, ka manta da ita yanzu, abubuwan da take yi wa aiki 'yan kaɗan ne.

Ka riƙe wannan: filta ba ta ƙara haske, ragewa take yi. Ba za ta taimaka maka a galaksi irin Andiromeda ba, ko a gungun taurari, domin hasken taurari ya haɗa dukan launuka, abin da filta ta yanke daga fitilun gari ta yanke shi daga gare su. Waɗanda ake tallatawa da sunan maganin hasken gari an tsara su ne a zamanin fitilun sodiyam masu ruwan lemo, waɗanda ke haskawa a wajen nanomita 589, ana iya toshe su. Fitilun LED farare na yanzu sun bazu a kusan dukan zanguna, ba ta inda za a tare su. Tunda kana fama da fitilu, ka ba wata da duniyoyi da taurari masu tagwaye ƙarfi, su ba ruwansu da hasken gari. Don galaksi kuwa, dare ɗaya a wuri mai duhu lokacin da babu wata ya fi kowace filta. Ka ba idonka minti ashirin zuwa talatin ya saba da duhu, kada ka dubi waya, ka yi amfani da jar fitila mai rauni. Ka kuma fitar da na'urar waje kamar rabin awa kafin kallo don madubin ya huce, ka duba saitin madubanta. Sau da yawa laifin da ake ɗora wa maleƙi na madubi mai ɗumi ne ko wanda ya goce.

Saura magana ɗaya, kuma ina roƙonka ka ɗauke ta da gaske. In ka ga wata 'yar baƙar filta da ake ɗaurawa a gindin maleƙi an rubuta mata sunan rana, kada ka gwada ta ko sau ɗaya. A daidai wurin nan ne madubi ke tattara dukan zafin da ya kwaso, gilashin yana iya tsagewa ba gargaɗi, kuma kafin ka kau da kai hasken ya ƙona bayan ido, ƙunar da ba ta warkewa. Na taɓa riƙe irinta a hannuna, wadda ta zo da wata tsohuwar na'ura, da tsaga siririya kamar gashi daga gefe zuwa gefe. Filtar rana ta gaskiya a bakin na'ura ake sa ta, can gaba, ta rufe shi gaba ɗaya kafin haske ya shiga, kuma kamar kashi ɗaya cikin 100,000 take bari ya wuce. Ka tabbatar ta kallon ido ce, domin akwai ta masu ɗaukar hoto wadda ta fi sakin haske. Tabarau na kallon husufi ma ba a leƙa na'ura da shi.

Duk ranar da za ka yi amfani da ita, ɗaga ta ka duba ko akwai huda ko yagewa. Ka ɗaure ta yadda iska ko hannun yaro ba zai cire ta ba. Ka rufe ɗan madubin saitin da ke gefe ko ka cire shi, ka nemo rana ta hanyar duban inuwar bututun a ƙasa, ka juya har inuwar ta zama da'ira mafi ƙanƙanta. Sannan ka sa mai lamba 25, rana za ta shiga filinsa gaba ɗaya, in akwai baƙaƙen tabo a fuskarta za ka gan su, kowanne da duhun tsakiya da toka-tokan gefe. In ka gama, fara kau da na'urar daga rana tukuna, sannan ka cire filtar.